Cokalin da Ya Koma Ludayi: Abin da Na Koya Kan Gyaran Zane, Nawa da Na 'Yata

Ranar wata Talata ce, ranar riga-kafi, asibitinmu ya cika da mata masu goyo. Tun safe nake ɗoki, domin a daren jiya na kammala wani zane da na shafe mako biyu ina yi a kan farin kwali, na manna shi a bango daidai inda mata ke zaman jiran layi. Zanen yana nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa idan ba a samu ƙullin ORS ba: ruwa mai tsafta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Abokan aikina duk sun gani. Kowacce sai ta ce, "Sista, ashe haka kika iya zane? Kai, ya yi kyau!" Na ji daɗi har cikin raina.

Wajen ƙarfe goma sai wata dattijuwa da ta rako surukarta ta tsaya gaban kwalin, ta jima tana kallo. Can ta juyo ta ce da ni, "'Yar nan, wannan ludayin gishirin, rabi ake zubawa ko cika shi ake yi?"

Na ce, "Iya, ai ba ludayi ba ne, cokalin shayi ne."

Ta sake dubawa, ta ce, "To ni dai ludayi na gani. Duba fa, ya kusa kai jug ɗin girma."

Gabana ya faɗi, domin gaskiya ta faɗa. Na zana cokalin a gaba, kamar ana miƙo shi kusa da fuskar mai kallo, na kuma zana jug ɗin can baya, ƙarami. A kaina na san cokalin ya yi girma ne don yana kusa. Amma ban sa komai a takardar da zai nuna wa wani hakan ba. Ƙaramin cokali yana ɗaukar mililita 5, babban cokali 15, wato ninki uku, ludayi kuwa ya wuce nan nesa. Gishirin da ya yi yawa a ruwan da za a ba jariri mai gudawa yana iya jawo masa jijjiga, har ma abin da ya fi haka. Kuma da yawa daga cikin matan da ke zama a wannan benci ba sa karanta boko. Hoton ne kaɗai ke yi musu magana.

Kafin azahar na cire kwalin daga bango.

"Ya yi kyau?" tambaya ce mai amsa ɗaya

Da yamma na ɗauki kwalin na kai wa maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi karatun zane a Zariya, ya kuma koyar a sakandare har ya yi ritaya. Na gaishe shi, na ba shi labari, na ƙare da cewa abokan aikina duk sun yaba.

Ya ce, "Me kika tambaye su?"

Na ce, "Baba, na ce musu ya yi kyau?"

Ya yi murmushi ya ce wannan tambaya amsarta ɗaya ce tak a ƙasar Hausa, domin babu mai kunya da zai ce maka a'a. Ya ce idan ina son gyara, in rufe rubutun da hannu, in nuna wa mutum hoton, in tambaye shi abu uku: Me ka fara gani? Me ke faruwa a nan? Wanne ne kusa, wanne ne nesa? Sannan in yi shiru, kada in kare kaina, kada in yi bayani. Duk bayanin da na yi da baki, in ji shi, aikin da zanen ya kasa yi ne, kuma ba zan kwana a jikin bangon ina yi wa kowa bayani ba.

A zaman nan na fahimci cewa matsalar zanena biyu ce, kuma su ne matsalolin da kusan duk mai koyon zane ke cin karo da su, babba ko yaro. Ta farko ita ce tsari, wato yadda aka jera abubuwa a kan takarda. Ta biyu ita ce nuna nisa da kusa a kan abin da yake shimfiɗaɗɗe.

Tsari: kin riga kin iya shi a jere

'Yar'uwa, idan kin taɓa zuwa jeren amarya, kin san tsari. Ba a cusa kaya duka a kusurwa ɗaya a bar sauran ɗaki fayau. Ana duba abin da ido zai fara sauka a kansa idan an ɗaga labule, a ajiye mafi kyau a nan. Ana barin sarari don ɗaki ya sha iska. Mai lalle ma haka take yi: akwai babban fure a tsakiyar tafin hannu, ƙananan zane na biye da shi zuwa yatsu. Mai ɗinkin hula da mai aikin babbar riga duk wannan lissafin suke yi.

Haka zane yake. Ido yana fara tafiya ne wurin abin da ya fi girma, ko wanda launinsa ya fi ƙarfi, ko inda fari da baƙi suka yi karo, ko fuskar mutum. A nawa kwalin, na ɓata kwana uku ina ƙawata atamfar uwar da na zana a gefe, da furanni ja da ruwan ɗorawa. Duk wadda na tambaya daga baya me ta fara gani, sai ta ce, "Zanen matar." Gishiri da sukarin da aka yi kwalin dominsu sun koma 'yan rakiya.

Ga wata dabara da ke cikin wayar da ke hannunki. A saitin kyamara akwai wurin kunna layuka, biyu a tsaye biyu a kwance, da ke raba hoto gida tara. Masu hoto da masu zane sukan ajiye abu mafi muhimmanci kusa da inda layukan suka gitta juna, maimakon dasa komai a tsakiya. Ba doka ba ce, amma tana taimaka wa mai koyo ya fara tunanin inda zai ajiye abu tun kafin ya ɗora fensir.

Nisa da kusa: alamomi biyar

Takarda ba ta da zurfi. Mai zane yana yi wa ido dabara ne har ya yarda cewa wani abu yana gaba, wani yana baya. Alamomin da ake amfani da su duk kina ganinsu kullum:

Girma. Abin da ke nesa yana ƙanƙancewa. Dubi turakun wutar lantarki a bakin titi, tsawonsu ɗaya amma na can gaba kamar tsinke.

Tarewa. Idan tukunya ta kare rabin murhu, ido ya san tukunyar ce a gaba. Wannan ita ce alama mafi sauƙi, kuma mafi ƙarfi.

Matsayi a takarda. Abin da ke ƙasa kusa da mai kallo ana zana gindinsa a ƙasan takarda, na nesa kuma gindinsa ya ɗan hau sama.

Layuka masu haɗuwa. Tsaya a kan layin dogo, ko a bakin gona ki kalli kunyoyi. Kin san ba sa haɗuwa, amma idonki yana ganin sun tsuke sun haɗu a wuri ɗaya can nesa, daidai tsayin idonki.

Dusashewa. Abin da ke nesa launinsa yana yin fari-fari. Wanda ya taɓa hango Dutsen Dala ko Goron Dutse a lokacin hazo ya san wannan.

Ni alama ɗaya kawai na yi amfani da ita, wato girma, na bar sauran huɗun. Babu tebur a ƙarƙashin kayan, babu hannun da ke riƙe da cokalin, babu abin da ya tare wani. Cokali da jug suna shawagi a farin kwali, don haka idon Iya ya gwada su kafaɗa da kafaɗa, ya yanke hukunci. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Karanta hoto ma koyonsa ake yi

Wani abin da Baba ya faɗa mini ya sa na daina ganin kamar Iya ce ba ta gane ba. Wannan lissafi na layuka masu haɗuwa ba da shi aka haifi kowa ba. A birnin Florence na Italiya ne wani magini mai suna Filippo Brunelleschi ya nuna shi a aikace a farkon ƙarni na 15, sannan Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojinsa a littafi a 1435. Kafin nan, da ma bayan nan, al'ummomi da yawa sun yi zane mai ban sha'awa ba tare da shi ba. Masu zanen tsohuwar Masar, misali, sukan yi sarki ya fi kowa girma saboda matsayinsa, ba don ya fi kusa ba.

A 1960 wani mai bincike a Afirka ta Kudu, William Hudson, ya wallafa sakamakon wani gwaji. Ya nuna wa mutane zanen maharbi riƙe da mashi, ga barewa a gabansa, ga kuma giwa 'yar ƙarama a kan tudu a tsakaninsu, wadda aka yi ƙarama don a nuna tana nesa. Ya tambaye su wa maharbin ke nufi da mashin. Da yawa daga waɗanda ba su saba da hotunan littattafan makaranta ba suka ce giwar, domin ita ce ta fi kusa da bakin mashin a kan takarda. Daga baya wasu masana sun soki gwajin, suka ce zanen nasa ma bai ba da isassun alamomin nisa ba. Ko ta wane ɓangare aka duba, darasin ɗaya ne gare ni: idan mai kallo ya fahimci wani abu daban, mai zane ya fara duba takardarsa tukuna.

Na sake kwalin daga farko. Na jera komai a kan tebur ɗaya, a layi ɗaya, babu na gaba babu na baya. Na zana hannun mace riƙe da cokalin, don a gwada girmansa da yatsu. Na ajiye kofin shayi kusa da shi. A maimakon jug, na zana ledar fiya wata mai rabin lita guda biyu, abin da kowa ya san girmansa. Na sauƙaƙa atamfar uwar ta koma launi ɗaya. Kafin in manna, na rufe rubutun na nuna wa mai sharar ɗakinmu da wasu mata biyar, ɗaya bayan ɗaya. Biyar suka faɗi daidai. Ɗaya ta ce gishirin da sukarin sun yi mata kama, sai na zana ƙullin gishiri a gefe ɗaya, kwalin sukari mai ƙwaya a ɗaya gefen. Sannan na mayar da shi bango.

Sai ga 'yata da nata

Abin kunyar shi ne, duk wannan lokacin akwai mai zane a cikin gidana, ni kuma ina yi mata abin da abokan aikina suka yi mini. 'Yata mai shekara tara takan zo da takarda ta ce, "Umma, kalli." Ni kuma na dawo daga aikin kwana, ido na kan waya, sai in ce, "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka," ban ma ɗago kai sosai ba.

A makon nan ta kawo zanen gidanmu ranar Sallah. Na ajiye wayar, na zaunar da ita kusa da ni, na faɗa mata abin da na gani: tabarma a tsakar gida, faranti uku a kai, ƙofar zaure, motar kawunta a waje. Na ce abin da na fara gani shi ne farantan, saboda jan da ta sa musu.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Umma, amma tabarmar ta ƙi kwanciya. Kamar an rataye ta a bango. Na goge sau uku."

Ashe ta daɗe da sanin akwai abin da bai zauna ba. "Ya yi kyau" da nake ce mata bai taɓa taimakonta ba, sai dai ya nuna mata cewa ban duba ba.

Na ɗauko faranti na ajiye a ƙasa, na ce ta tsaya a kansa ta kalla. Ta ce zagaye ne. Na ce ta ja da baya taku biyar ta tsuguna. Ta ce, "Lah, ya koma kamar ƙwai!" Na ɗaga shi daidai idonta, ya koma layi ɗaya. Muka yi haka da tabarma, ta ga da idonta cewa bakin da ke nesa ya fi na kusa gajarta. Ban taɓa takardarta ba. Ta ɗauki sabuwa ta sake, tabarma ta kwanta.

Kowace shekara da irin nata

Kafin ki fara gyara wa yaro, ki duba shekarunsa. Wani Bafaranshe, Georges-Henri Luquet, da ya yi nazarin zanen yara ya kuma fitar da littafi a kai a 1927, ya lura cewa ƙaramin yaro yana zana abin da ya sani ne, ba abin da idonsa ke gani ba. Shi ya sa zai zana gida kina hango mutanen ciki ta bango, ko mota da ƙafafunta huɗu duka a waje. Ba kuskure ba ne. Ya san suna nan, don haka ya sa su.

Wani malamin koyar da zane, Viktor Lowenfeld, a littafinsa na 1947, ya kasa zanen yara mataki-mataki. Tsakanin shekara 7 zuwa 9, yaro yakan ja layi ɗaya a ƙasan takarda ya jera komai a kai, sama kuma ta zama shuɗin layi a can bisa. Daga wajen 9 zuwa 12 ne yake fara sa wani abu ya tare wani, yana kuma fara ganin aibin aikinsa da kansa. A wannan gaɓar ce yara da yawa ke ajiye fensir su ce ba su iya ba. Waɗannan shekaru kimantawa ce kawai, wani yaron yakan riga, wani ya jinkirta.

Saboda haka ɗan shekara biyar ba ya bukatar darasin nisa da kusa. Ki ce masa, "Ba ni labarin wannan," ki saurara. Alamar cewa lokacin gyara ya yi ita ce ranar da yaron da kansa ya ce wani abu ya ƙi yi masa daidai.

Idan ya kawo miki takarda

Ga abin da nake yi yanzu, kuma bai fi minti biyar ba:

Ki ajiye waya ki duba da gaske. Ki faɗi abin da kika gani da sunansa, da abin da idonki ya fara sauka a kai. Idan ba shi yaron ya so a fara gani ba, shi da kansa zai gane akwai gyara a tsarin.

Ki tambaye shi, "Wane wuri ne ya fi ba ka wahala?" Sau da yawa amsarsa ita ce daidai inda matsalar take.

Ki yabi abu ɗaya takamaimai. "Na ga yadda ka sa bishiyar ta kare rabin gidan, shi ya sa na gane tana gaba" ya fi "ya yi kyau" sau goma, domin ya san abin da zai maimaita.

Gyara ɗaya ya isa a zama ɗaya. Kuma ki nuna masa a kan abu na zahiri, kofi ko ƙofa ko titin unguwa, ko ki gwada a wata takardar daban. Kada ki ɗora fensir a kan aikinsa. Da zarar kin yi, zanen ya tashi daga nasa.

Kada ki yi gyara gaban baƙi ko gaban 'yan'uwansa masu tsokana. Kada kuma ki gwada shi da ɗan wani.

Ki ɗauki hoton zanen da waya ku kalle shi ƙarami. Idan hoto ya ƙanƙance, ƙananan ado suna ɓacewa, tsarin ya fito fili. Ku kuma ɗaga takardar gaban madubi: duk abin da ya karkace, wanda ido ya saba da shi har ya daina gani, nan take zai bayyana.

Ki rubuta kwanan wata a bayan kowane zane ki adana. Ranar da ya ce bai iya ba, ki fito masa da na bara.

Na san akwai gidajen da ba a zana abu mai rai. Duk abin da na lissafa ana koyonsa da gida, da titi, da bishiya, da tukunya, da mota. Kuma wannan ido da yaro ke horarwa shi ne wanda mai zanen gine-gine, da injiniya, da tela mai fitar da sabon ɗinki ke cin abinci da shi. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin mafi daɗewa a Najeriya, ga wanda Allah ya nufa da nisa a wannan hanya.

Karɓar gyara

Abu mafi wuya a wannan labari ba cokali ba ne. Tsayawa ne a gaban dattijuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, ina sanye da farin kaya, in yarda cewa ta ga abin da ban gani ba. Da na ce mata, "Iya, ba ki gane ba ne," da kwalin yana nan a bango har yau, kuma Allah kaɗai ya san cikin wane jariri ludayin gishirin zai shiga. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina so 'yata ta san haka tun yanzu, a kan takarda da fensir, inda kuskure bai wuce a goge ba, kafin ta girma ta riƙe aikin da kuskurensa ke taɓa rayuwar wani.

Shi ya sa ranar da na gama kwali na biyu, ita ma na nuna mata, na yi mata tambayoyin nan uku. Ta duba da kyau ta ce yatsun matar sun yi tsawo kamar na kaza. Na duba, na ga haka ne. Na gyara a gabanta, na kuma yi mata godiya.

Jiya da daddare ta shigo ɗaki da sabuwar takarda, titin unguwarmu ne da turakun wuta suna ƙanƙancewa har ƙarshen layi. Ba ta ce "ya yi kyau?" ba. Ta miƙo mini ta ce, "Umma, me kika fara gani?"

Ke fa, uwargida, me kike ce wa naki idan ya miƙo miki takardarsa?